Ajiye mota a koma bas da keke: ta ina ake farawa?

Tambaya: Ina so in sayar da motata in koma hawa bas da keke, domin ɗawainiyarta ta ishe ni. Tsakanin gidana da wurin aikina kilomita 9 ne, ina da iyali, akwai kuma ƙaramin yaro da nake kai wa makaranta. Ta ina zan fara, wane irin keke ya dace, kuma me ke sa wasu su gwada su kasa?

Amsa: Malam, kilomita 9 ba za su gagare ka ba. Mutum mai matsakaicin ƙarfi a kan keken gari yana cin kilomita 15 zuwa 18 a awa ɗaya, har da tsaye-tsayen danja, ka ga tafiyarka ba za ta wuce minti 30 zuwa 36 ba. Zuwa aiki da dawowa shi ne mafi sauƙi a wannan sauyi, domin hanya ɗaya ce kullum, lokaci ɗaya, cikin mako biyu jiki ya haddace ta. Waɗanda suka gwada suka kasa, galibi fitar da ba a shirya mata ba ce ta kayar da su: yaro ya tashi da zazzaɓi da tsakar dare, ko an kece da ruwa daidai lokacin tashi daga makaranta, ko an sayi kaya mai nauyi, ko ziyara ta kama zuwa unguwar da bas ba ta shiga. Mota tana yi maka aiki huɗu ba tare da ka lura ba. Tana ɗauke ka, tana ɗauke kayanka, tana kare ka daga rana da ruwa, kuma tana nan a ƙofar gida ko ƙarfe nawa ne. Babu abu guda da zai maye gurbinta a duka huɗun. Dole ka raba aikin: wannan na ƙafa, wannan na keke, wannan na bas, ragowar kuma na tasi da motar haya.

Don haka kada ka sayar da ita tukuna. Ajiye ta wata guda, kana rubuta duk fitar da aka yi a gidan, har da na maiɗakinka: ina aka je, nisan nawa, ƙarfe nawa, da wane kaya, tare da wa. (Ka riƙa ɗan zagayawa da ita minti 20 ko 30 duk mako biyu, batir ba ya son dogon zama.) A ƙarshen wata sai ka tankaɗe. Abin da bai kai kilomita ɗaya da rabi ba, ƙafa ta isa, don mai tafiya a ƙasa yana cin kusan kilomita 5 a awa. Daga nan zuwa kilomita 10 filin keke ne. Abin da ya zarce haka kuma yake kan babbar hanya, na bas ne. Ragowar da ba ta shiga ko'ina ba, ita za ka zuba wa ido, ita ce za ta yanke maka hukunci.

A nan ne mutane ke yin kuskuren lissafi. Mai mota yakan ɗauka kuɗin fetur shi ne kuɗin mota, ya manta da inshora, takardu, taya, juyen mai, gyara, wurin ajiya, da faɗuwar darajarta kowace shekara, alhali motar gida takan yi kusan kashi 95 cikin 100 na rayuwarta a fake. Idan ya ajiye ta kuma, sai kuɗin tasi na rana ɗaya ya tsone masa ido, ya tsaya cikin ruwa yana jiran bas don kada ya biya, bayan mako biyu ya ce tsarin bai yi ba. Haɗa duk abin da motar ke ci a shekara, ka raba gida 12, ka ware wani kaso a matsayin kuɗin tasi da haya na kowane wata, ka kashe shi ba tare da jin ciwo ba. Wannan kason na cikin tsarin, ba alamar gazawa ba ne.

Sai batun bas. Abin da ya fi muhimmanci a layin bas shi ne yawan zuwanta, ba kusancin tasha da gidanka ba. Idan tana zuwa duk minti 10, matsakaicin jiranka minti 5 ne, ba ka ma buƙatar jadawali. Idan duk minti 40 take zuwa, wanda ya fito ba lissafi zai jira minti 20 a matsakaici, wanda ta kuɓuce wa kuwa ya yi asarar 40 cur. Saboda haka layi mai yawan motoci da ke da nisan mita 800 daga gidanka ya fi wanda ke bi ta ƙofarka sau ɗaya a awa. Idan garinku yana da irin bas ɗin da aka ware wa hanyarta ita kaɗai, ake biya tun kafin a shiga, kamar tsarin da Curitiba ta ƙasar Brazil ta fara ginawa a 1974, Bogota ta Kolombiya ta biyo baya a 2000, to a kan wannan layin za ka gina tsarinka, domin cunkoso ba ya riƙe shi.

Canjin bas a tsakiyar hanya shi ne inda lokaci ke zubewa, kuma ba daidai yake ba a zuwa da dawowa. Da safe ka fito daga unguwa a kan layi mai ƙarancin motoci ka sauka a babban layi, jira kaɗan ne. Da yamma abin ya juye: babban layi zai sauke ka, ka tarar ta unguwar ta wuce da minti biyu. Sai ka riƙa lissafin dawowa daga baya zuwa gaba: fara sanin lokacin da ƙaramar ke tashi, ka zaɓi babbar da za ta kai ka minti 8 ko 10 kafin nan. Ka haddace lokacin bas ta ƙarshe da dare, ka kuma duba jadawalin ranakun hutu daban, don yawanci ana rage motoci sosai. Idan kana da ganawar da ba a makara, hau wadda ke gaban wadda lissafi ya ba ka.

Za ka lura wani lokaci an daɗe ba bas, sai ga biyu ko uku sun jero. Ba sakacin direbobi ba ne kullum. Idan ɗaya ta ɗan makara, takan tarar da fasinja sun taru fiye da kima a kowace tasha, lodinsu ya ƙara makarar da ita, ta bayanta kuma ta tarar an kwashe mata mutane, sai ta yi ta matsowa har ta cim mata. Idan ka ga haka, ta biyun ta fi sarari, sai dai ka karanta allon gabanta, don akan juyar da wata kafin ƙarshen layi domin a cike giɓin. Manhajar waya tana taimakawa, amma ka bambanta lokacin da aka ɗauko daga jadawali da wanda na'urar bin sawu da ke jikin motar ta aiko. Na farkon alkawari ne kawai. Inda kuwa bas ba ta da jadawali, sai ta cika take tashi, kai ne za ka yi wa kanka: mako guda kana duba agogo, ka gano lokacin da take saurin cika da inda ake samun kujera.

Kafin ka sayi tikitin wata, yi wannan lissafi. Kwanakin aiki kusan 22 ne, zuwa da dawowa hawa 44. Raba kuɗin tikitin wata da kuɗin hawa ɗaya, ka ga hawa nawa za ka yi kafin ya biya kansa. Wanda zai hau keke rabin kwanakin sau da yawa faɗuwa yake yi da tikitin wata. Ka tambaya kuma ko ana canjin bas kyauta cikin wani ƙayyadadden lokaci. A Landan, alal misali, tun 2016 ake da tsarin da mutum ke canza bas cikin awa ɗaya ba tare da sake biya ba, kuma birane da dama suna da makamancinsa, fasinja ne ba sa tambaya.

Haɗa keke da bas shi ne ke buɗe gari. Minti 5 a ƙafa mita 400 ne, minti 5 a keke kusan kilomita ɗaya da mita 200. Nisan ya ninka sau uku, faɗin yankin da kake iya kaiwa kuwa ya ninka sau tara, don haka layukan da a da suka yi maka nisa duk sun shigo hannunka. Hanya uku ake bi. Ko ka ɗaure keken a tasha, abin da mutanen Holan suka mayar da shi ginshiƙin sufurinsu, har ma'ajiyar kekunan tashar jirgin ƙasa ta Utrecht da aka kammala a 2019 tana cin keke 12,500. Ko ka sayi keke mai naɗewa, mai taya inci 16 ko 20, nauyin kilo 11 zuwa 14, wanda yawancin bas ke karɓa kamar jaka. Ko kuma, inda bas ke da maɗaukin keke a goshinta kamar yadda ya yawaita a Amurka da Kanada, ka ɗora shi a can. Yadda ake yi: cire jaka da gorar ruwa tun kafin bas ta iso, ka yi wa direba alama, ka matse hannun maɗaukin ka sauke shi, ka ɗaga keken ka zura tayoyin cikin ramin, sannan ka ja sandar riƙon ka ɗora ta a saman tayar gaba, kusa da jikin keken. Zauna a gaba inda kake ganin sa, ka fita ta ƙofar gaba, ka gaya wa direba za ka sauke keke. Wanda ya fita ta baya shiru, yana iya ganin kekensa ya yi gaba ba shi. Maɗaukin keke biyu ko uku yake ɗauka, kowanne kusan kilo 25, idan ya cika sai jiran ta gaba.

Game da zaɓen keke, ra'ayina a fili yake: keken da zai maye gurbin mota abin hawan aiki ne, ba na tsere ko hawan dutse ba. Nemi wanda ake zama a kansa kusan a miƙe, mai taya faɗin milimita 35 zuwa 42 mara manyan ƙuraje, mai giya 7 ko 8, wanda jikinsa ke da ramukan noti na ɗaura kariya (maɗaukin kaya na baya) da murfin taya mai tare taɓo. Giyar da ke ɓoye cikin cibiyar tayar baya, irin ta Shimano Nexus ko Sturmey-Archer, ba ta son gyara sosai kuma ana canza ta a tsaye, sai dai cire tayar baya ya fi wuya. Guji keke mai araha da aka cika wa sifirin gaba da baya. Nauyi ne kawai, yana shanye ƙarfin taka feda, yana saurin lalacewa, kuma galibi ba ya karɓar kariya. Idan na hannu za ka saya, duba wuraren walda ko akwai tsaga, ka tsaya a gabansa ka ga ko ƙafafun da ke riƙe tayar gaba sun lanƙwashe, ka juya kowace taya ka ga ko tana rawa, ka girgiza ta gefe da gefe ka ji ko akwai sako-sako, ka tabbatar sandar sirdi tana motsi ba ta yi tsatsa ta manne ba. Ka duba lambar jikinsa a ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Idan an goge ta, bar shi, kayan sata ne.

Yawancin ciwon gwiwar sabon mahayi daga sirdi yake. Zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sarai. Idan ka mayar da tudun tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, nan ne daidai. Ciwo a gaban gwiwa, sirdi ya yi ƙasa. Ciwo a bayanta, ko ƙugu yana rangaji, ya yi sama. Ciwon mazauni na makon farko yakan wuce da kansa, kuma ƙaton sirdi mai taushi ba maganinsa ba ne, goga cinya yake yi. Kada ka riƙa danna giya mai nauyi. Ka zaɓi wadda ƙafa ke juyawa sau 70 zuwa 90 a minti, ka sauko zuwa mai sauƙi tun kafin ka tsaya a danja. Makon farko kwana biyu ya isa, na biyu uku, a haka har jiki ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kai kuwa kwana biyar a wannan hanya ya haura minti 300, ba abin da za a faɗa wa rana ɗaya ba ne. Ka fara gwada hanyar ranar hutu, kuma kada ka bi wadda ka saba bi da mota. Nemi titunan da ke kwance kusa da ita, masu ƙarancin manyan motoci, ko da za a ƙara kilomita ɗaya.

Gumi kuwa, jakar goyo ce babbar mai kawo shi. Kaya a kan keke suke tafiya, ba a bayan mutum ba. Kariyar baya ta kirki tana ɗaukar kilo 25, yawanci an rubuta a jikinta, jakunkuna biyu masu rataya a gefenta kuma kowace kan ci kusan lita 20. Mai nauyi a ƙasa, a raba shi daidai dama da hagu, a matsar da jakar baya yadda dunduniya ba za ta riƙa dukan ta ba, kuma kada a bar igiya tana reto, wayoyin taya za su cafke ta. Rataya leda a hannun keke shi ne ke kayar da mutane: tana lilo, tana karkatar da tuƙi, tana shiga tayar gaba. Sayayya ma sauya fasali take yi, maimakon lodin mako biyu a but, sai kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a mako a hanyar dawowa, masu nauyin kuma a tara su sau ɗaya a wata a ɗauko tasi ko a sa a kawo.

Yaron nan shi ne abin da zan fi so ka natsu a kai. Kujerar yara ta baya galibi kilo 22 ce iyakarta, ta gaba kilo 15, kuma ba a ɗora jaririn da bai iya zama da riƙe kansa ba. Dole kujerar ta kasance da wurin ɗaure ƙafa da katanga tsakanin ƙafar da taya, domin raunin da aka fi gani shi ne dunduniyar yaro ta shiga wayoyin taya tana juyawa. Idan sirdinka mai sifirin ne, rufe sifirin ɗin saboda yatsu. Sa jigo mai ƙafa biyu, amma ko da shi kada ka taɓa sakin keken yaro yana kai, motsi ɗaya zai yi su kife. Keke mara sandar sama ya fi dacewa, don da kujera a baya ba za ka iya wurga ƙafa ta baya ba. Kafin ka ɗora shi, ɗaura nauyin kilo 15 a kujerar ka yi ta zagaye a fili, ka ji yadda birki da kwana suka canza. Idan hanyar makarantar babban titi ce mai gudu ba wata mafita, wannan tafiyar ta bas ce ko ƙafa, ba a jayayya.

A kan titi, haɗarin da ke kisa ya fi yawa a mahaɗa, kuma babbar mota ce kan gaba. Kada ka taɓa kutsawa tsakanin bas ko tirela da gefen titi kusa da kwana. Doguwar mota takan fara buɗewa kamar za ta wancan gefe, sannan ta yanko, tayoyinta na baya suna bin layin da ya fi na gaba matsewa, kai kuma kana inda madubi ba ya nunawa. Tsaya a bayanta, ko can gabanta inda direba ke ganin ka. Ka bar aƙalla mita ɗaya tsakaninka da motocin da ke fake saboda ƙofa da ake buɗewa ba zato. Kada ka manne da bakin titi, nan ne kwalba da yashi da ramuka suke, kuma yana sa direba ya ga kamar akwai wurin wucewa alhali babu. Waiwaya kafin kowane kauce, ka nuna hannu. Birkin gaba shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, ka koyi matsa shi a hankali tare da na baya kana tura jiki baya. Cikin ruwa birkin da ke kama wili yakan yi juyi ɗaya ko biyu kafin ya ciza, murfin ƙarfe na magudana da fentin titi kuma santsi suke. Farar fitila a gaba, a ɗan sunkuyar da ita, ja a baya. Fitilar dainamo ta cikin cibiyar taya, mai bolt 6 da wat 3, ta fi dacewa da mai hawa kullum, don ba a mantawa da cajinta. Hular kwano ta zauna yatsa biyu sama da gira, kuma idan ta sha duka sau ɗaya ta gama aiki, ko ba a ga tsaga ba.

Keken da ke yin faci duk mako shi ne ke mayar da mutum mota, kuma yawancin facin rashin iska ne. Tib yana sakin iska da kansa ko ba huda, don haka a duba duk mako da famfo mai ma'auni. Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40 takan so psi (ma'aunin matsin iska) 50 zuwa 65, iyakarta a rubuce take a gefenta. A nan kuma za ka ga lamba irin 37-622: ta farko faɗi, ta biyu girman wili. Da ita ake sayen tib da taya, domin 622 da 635 duk ana kiran su inci 28 amma ɗaya ba ta shiga wilin ɗaya. Bawul ma iri biyu ya fi yawa, mai kauri irin na mota da siriri mai ɗan noti a ka, ka tabbatar famfonka ya dace da naka. Idan an yi faci, hudar da kanta za ta gaya maka dalili. Huda ɗaya ta waje, ƙaya ko kwalba ce, kuma mai yiwuwa tana nan cikin tayar, shafa cikin a hankali ka cire ta, in ba haka ba sabon tib ma zai tafi. Tsaga biyu a jere, iska ta yi ƙasa wili ya matse tib a kan rami. Huda ta ciki, kyallen da ke rufe kawunan wayoyin wili ya goce. Wajen liƙi, kankare wurin, shafa gam siriri, jira kusan minti 5 ya bushe kafin ka manna. Gaggawa a nan ita ce ke sa faci ya ɗaye. A hanya dai canza tib ake yi, a yi liƙi a gida. Taya mai kariyar huda, irin Schwalbe Marathon Plus mai shimfiɗar roba milimita 5 a ciki, tana da nauyi amma ta cancanci kuɗinta, musamman a baya.

Abin da zai zauna a jakarka kullum: tib ɗaya, ƙarafunan cire taya biyu, ƙaramin famfo, makullan alan milimita 4, 5 da 6, da sifana 15 idan tayarka ta noti ce. Sarƙa a sa mata man keke ɗigo ɗaya a kowace gaɓa duk kilomita 200 ko bayan ruwa, a juya, a goge na waje da tsumma. Baƙin mai da giris ƙasa suke tarawa su cinye ta. Don sanin ta ƙare, auna daga tsakiyar ƙusa ɗaya zuwa ta 24 bayanta: sabuwa inci 12 ce cif, milimita 304.8. Idan ta ƙaru da milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, canza ta. Idan ta kai uku, ta riga ta ci haƙoran baya, sai an canza su tare. Robar birki idan layukan jikinta sun shafe ta ƙare, hannun birki kuma bai kamata ya taɓa hannun keke ba idan an matse.

Sata kuwa, kwaɗon waya siriri daƙiƙu kaɗan yake ɗauka a hannun ɓarawo. Sayi mai siffar U na ƙarfe mai tauri ko sarƙa mai kauri, ka zura shi ta jikin keken da tayar baya da wani ƙarfe da aka kafe a ƙasa, wanda ba za a ɗaga keken ta samansa ba. Kada kwaɗon ya kwanta a ƙasa, nan ake samun wurin dukan sa. Keken da zai wuni a tasha gara tsoho mara kyan gani. Ka ɗauki hoton lambarsa ka adana.

Ruwan sama ba sai an yi jarumta ba. Murfin taya da rigar ruwa sun isa yayyafi, ka ajiye busassun kaya da takalmi a wurin aiki, takardu da kwamfuta cikin leda kafin jaka. Ranar ruwa mai ƙarfi ranar bas ce, ka fito da wuri don kowa ma ita zai nufa. Lokacin zafi a sha ruwa rabin lita zuwa uku bisa huɗu a awa, a rage gudu a kilomita ta ƙarshe don jiki ya huce kafin a isa. Idan tudu ko gumi ko nauyin yaro ya yi yawa, keke mai batir yana warware su. A ƙa'idar Turai injinsa wat 250 ne, yana daina taimako a gudun kilomita 25 a awa, batir mai Wh (ma'aunin cajin da batir ke riƙewa) 400 zuwa 500 kan kai kilomita 40 zuwa 80. Sai dai nauyinsa kan kai kilo 22 zuwa 28, abin dubawa idan a bene kake ko za ka ɗora shi a bas, wasu kamfanonin ma ba sa karɓar sa. A yi caji da cajarsa ta asali, ba a bakin ƙofar fita ba, ba kuma ana barci ba.

Bayan watan gwaji, koma kan ragowar nan. Idan fita ɗaya ko biyu ce a mako, kuma kuɗin tasinsu bai kai abin da motar ke ci ba, sayar. Idan aikin dare kake yi bayan bas ta daina, ko akwai mara lafiya ko tsoho da ake kaiwa asibiti a kai a kai, ko maiɗakinka ce za ta ɗauki wahalar da kai ka sauke, to riƙe motar ka rage hawanta, wannan ma riba ce. Idan ka yanke sayarwa, kafin mai saye ya zo ka tanadi lambar direban tasi biyu da ke ɗaga waya da dare, ka yi magana da maƙwabci mai mota kan larurar gaggawa, ka san asibiti mafi kusa da ke buɗe dare da rana, ka kuma yi rajista da wurin hayar mota tun ba ka buƙata. Lasisin tuƙinka ka ci gaba da sabunta shi, don ba za a ba ka motar haya da wanda ya mutu ba.